Kwat Nawa ne a Kyubik Mita? Lissafin Ruwa a Unguwar Mahdiya

A unguwar Mahdiya ta garin Sabha, can kudancin Libiya, ba a auna ruwa da ka. Magidanci ya sayi tanki ya ɗora bisa soro, an gaya masa yana cin kyubik mita 2. Uwargida kuma ta sayo kula ƙirar Amurka, jikinta an rubuta kwat 48. Yaya za a haɗa ma'aunan nan biyu su yi magana ɗaya?

Ka ƙaddara akwati, ya ɗan'uwa mai karatu, tsawonsa mita ɗaya, faɗinsa mita ɗaya, zurfinsa mita ɗaya. Cikinsa shi ne kyubik mita, wato lita 1,000, ko jarka 50 masu cin lita 20. Da wannan ma'auni hukuma ke ƙidayar ruwan da ake turawa Tarabulus daga rijiyoyin Dutsen Hasawna, arewa da Sabha, tun 1996.

Shi kuwa kwat rubu'in galan ne, kuma a nan gizo ke saƙa, domin galan iri biyu ne. A 1824 Ingila ta kafa sabon galan mai ɗan girma, Amurka kuwa ta riƙe tsohon. Saboda haka kwat ɗin Amurka lita 0.946 ne, na Ingila lita 1.137. Sunansu ɗaya, amma na Ingila ya ɗara da kashi 20 cikin 100.

Lissafin ba wuya. In kwat ɗin na Amurka ne, raba adadinsa da 1,057, sai ka sami kyubik mita. In na Ingila ne, raba da 880. Kular uwargida ke nan lita 45 da 'yan kai, sai an juye ta sau 22 kafin a cika kyubik mita guda, sau 44 kafin tankin maigida ya tumbatsa.

A cikin gida kuskuren bai wuce asarar 'yan dinari ba. A hanya ne yake zama abin tsoro. Direban da ya tashi daga Dirku ya nufi Gatrun da ruwa kwat 100, yana zaton na Ingila ne, lita 114 yake lissafi, alhali lita 95 ya ɗauko in mazubin na Amurka ne. Kusan jarka guda ta ɓace tun mota ba ta motsa ba, kuma sai rairayi ya riƙe taya kwana biyu za a nemi wannan jarkar. A ganina, mai sayen mazubi ya nemi inda aka rubuta lita a jikinsa, in babu, ya auna shi da jarka tun yana gida.