Maras lafiya Bahaushe ne, amma takardarsa Ingilishi ce



Kwanan baya wani ɗalibina na yaƙi da jahilci, nan unguwar Zariya cikin Maraɗi, ya yi baƙo daga Katsina. Kawunsa ne, tsoho mai hawan jini. Da ciwo ya tashi da dare, muka kai shi gidan likita. Shi da ma'aikacin duka Hausa suke yi, babu wuya. Amma da ya fiddo takardar likitansa, sai magana ta tsaya. Ingilishi ce. Mu kuwa Faransanci aka koya wa ma'aikatanmu. Sai da aka taso wani ɗan lakwal daga barci ya karanta.

Ko lissafin ma ya bambanta. Awon jinin da takardar Nijeriya ta rubuta 140, a nan 14 ake ce masa. Zazzaɓin da suke rubuta malariya, shi ne palu wurinmu. Wanda bai sani ba, sai ya sake ba mutum maganin da ya riga ya sha.

Irin waɗannan baƙi ba kaɗan ba ne. Iyaka tana nan kusa, Ɗan Isa da Jibiya. A 2019 dubban mutane suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, suka sauka ƙasar Gidan Rumji, yamma da Tibiri. Asibitin Danja, wajen Jiratawa, wanda mishan SIM ta kafa don kutare a 1956, ya daɗe da ganin likitoci masu Ingilishi. A 2012 aka buɗe wurin aikin yoyon fitsari a can.

A watan Maris 2025 doka ta mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. To madalla. A ganina ba sai ma'aikaci ya iya zance da Ingilishi ba. Ya dai iya karanta sunan ciwo, da sunan magani, da sau nawa ake sha a rana.

Ku kuma, in za ku kai baƙo asibiti, ku tafi da takardarsa da kwalin maganinsa, ko da ƙwayar ta ƙare. In an yi muku bayani, ku maimaita shi gaban ma'aikacin kafin ku fita.