Ɓeran Masar da Tsakuwar Mafitsara

 Yau za mu leƙa akurkin wata 'yar dabba da yara ke kiwo a gidaje da dama, wato ɓeran Masar. Asalinsa tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru, Bolibiya da Ekwado, inda aka daɗe ana kiwonsa don nama. Idan ya samu kulawa yakan kai shekara 5 zuwa 7. Amma da yawa ba sa kaiwa, kuma cikin abubuwan da ke katse musu hanzari akwai tsakuwar mafitsara.

Ga yadda abin yake. Jikin ɗan Adam yakan ɗebi sinadarin kalsiyam gwargwadon bukatarsa, sauran ya fita a bayan gida. Shi kuwa ɓeran Masar, kamar zomo, hanjinsa na zuƙe kaso mai yawa na abin da ya ci, sai ƙoda ta tura rarar cikin fitsari. Ku duba inda ya yi fitsari ya bushe. Za ku ga fari-fari kamar garin alli. Idan kun murza da yatsa kuka ji laushi, babu damuwa sosai. Idan kun ji gurzi-gurzi kamar rairayi, to kalsiyam ya yi yawa, kuma da irin wannan ne tsakuwa ke haɗuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne, sau da yawa ƙauna ce ke jawo ciwon. A wajenmu babu abincin dabba mai daraja kamar harawa. Da ita ake turke ragon layya. Sai mai kiwo ya cika wa ɓerayensa harawar wake ko ta gyaɗa, ya ƙara musu zogale da alayyahu, yana ganin ya yi musu gata. Alhali duk dangin wake ganyensu maƙare yake da kalsiyam, haka ma zogale da alayyahu. A Turai da Amurka ma haka ake fama da ciyawar alfalfa, wadda kalsiyam ɗinta ya ninka na ciyawar timoti wajen sau 3. Shi ya sa likitocin dabbobi ke ware alfalfa ga 'ya'yan da ba su kai wata 6 ba, da masu ciki, da masu shayarwa, domin su ne ke gina ƙashi.

To, me za a ba babba? Ciyawa zalla, irin su ƙyasuwa da harƙiya da kiri-kiri, ɗanya ko ingirici mai tsabta marar fumfuna. Ita ce ya kamata ta zama mafi yawan cimarsa, kuma kada ta yanke dare da rana, don haƙoransa ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. A haɗa masa da latas, kokwamba da koren tattasai. Tattasan nan na da muhimmanci, saboda jikin ɓeran Masar ba ya iya samar da bitamin C da kansa. Zogale da alayyahu kuwa, ɗan kaɗan jefi-jefi ya isa. Kanwa da gishirin lasa, a bar wa shanu da tumaki.

Kada kuma a ce za a hana shi kalsiyam gaba ɗaya, ƙashi da haƙori za su lalace. Ragewa ake yi.

Sai ruwa. Mai nauyin kilo 1 yana bukatar kimanin mililita 100 a rana, kuma yawan sha ne ke wanke mafitsara. Idan ruwan rijiyarku na barin fari-fari kamar alli a gindin buta, ku nema masa wani.

Gaskiya dai abinci kaɗai ba ya ba da tabbaci, domin gado da ƙwayoyin cuta ma na da hannu. Saboda haka a sa ido. In ya riƙa tsuwa lokacin fitsari, ya ƙanƙame baya, ko aka ga jini, ko ya ƙi cin abinci, lamarin ya kai ga likita. Namiji ya fi shiga haɗari, domin hanyar fitsarinsa ta fi tsawo da ƙunci, tana saurin toshewa. Irin wannan tsakuwa tana fitowa sarai a hoton asibiti, amma magani ba ya narkar da ita. Idan ta girma sai tiyata.

Don Allah iyaye, idan yaro ya zo ya ce ɓeransa na kuka wajen fitsari, kada a ce a bari zuwa gobe. A kai shi asibitin dabbobi a ranar.