Fankar kwamfuta da zafin bazara

Darasinmu na yau ya shafi kwamfutar tebur, wadda ake aiki da ita a ma'aikatun magajin gari, da gidajen likita, da makarantu, a gundumomin Tasawa da Mayahi. A cikinta ake ajiye sunayen ɗalibai da takardun haihuwar yaranku. Idan ta ƙone, aikin jama'a ne ya tsaya.

Ku kasa kunne kusa da akwatinta, za ku ji ƙara kamar ta ƙudan zuma. Fanka ce take juyawa. A cikin akwatin akwai wani ɗan guntun abu, faɗinsa bai kai tafin hannun yaro ba, shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. In yana aiki, zafi yake yi. Don haka aka ɗora masa ƙarfen alminiyam mai haƙora kamar na mataji. Ƙarfen ya tsotse zafin, fanka ta hura shi waje, kamar yadda uwargida take fifita kunu da faifai.

To, sau nawa ya kamata fanka ta juya? Babbar fankar jikin akwati, mai faɗin santimita 12, takan juya sau 800 zuwa 1500 a minti ɗaya. Ta kan ƙwaƙwalwa takan yi kamar sau 1000 idan aiki kaɗan ne, ta haura 2000 idan aiki ya yi nauyi. Wannan ba ciwo ba ne. Jaki ma yakan yi haki in amalanke ya cika. Zafin ƙwaƙwalwar kuwa digiri 35 zuwa 50 ne lokacin hutu, 70 zuwa 80 lokacin babban aiki. In ya kusa 100, na'urar takan rage sauri, ko ta kashe kanta don kada ta ƙone. Mai gyara zai iya nuna muku waɗannan lambobi a kan allon kwamfutar.

Ga abin da za ku riƙe, ƴan uwa: fanka ba ta sanyaya iska, turawa kawai take yi. Iskar ɗakinku ita take shaƙa. Yawancin masu ƙera kwamfuta sun tsara ta don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa, daga Tasawa har kwarin Gulbin Kaba, a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 ko a inuwa, balle a ɗakin kwano. Kafin nan kuma hunturu ya riga ya cusa ƙura tsakanin haƙoran ƙarfen, ta toshe hanyar iska. Ƙurar hunturu ita take kashe kwamfuta da bazara.

Saboda haka, ku ɗauke akwatin daga ƙasa, ku ɗora shi bisa tebur. Ku bar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Kada ku lulluɓe shi da zane yana aiki, sai bayan an kashe shi ya huce. Babban aiki a yi shi da safe ko da maraice. Idan hunturu ya wuce, ku zare wayar wuta, ku buɗe akwatin, ku hure ƙurar da famfon keke, kuna riƙe da fukafukan fanka da yatsa. Ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma kada su kusance ta.

Fankar da take ruri ba hutawa, ƙura ce ta dame ta. Mai ƙara kamar dutsen niƙa ta gaji, a sake ta. Amma wadda ta yi shiru cikin zafi ita ce abin tsoro: ku kashe na'urar nan take, ku kira mai gyara. Kuɗin fanka kaɗan ne, kuɗin kwamfuta da yawa. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.