Sodar Sabulu Da Ruwan Batir: Haɗarin Da Ke Cikin Kwalbar Lemo

Daga wakilinmu a Yola

'Yan'uwa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal, da yawanku kun san buhunan sodar sabulu da ake saukewa a tashar Apapa. To, idan buhun nan ya iso kasuwar Jimeta, yana tafe da alamarsa ta gargaɗi: zane mai jan baki, ga ruwa yana ɗiga a kan hannu da ƙarfe yana cin su. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta fito da wannan tsari a 2003, don ko wanda bai yi boko ba ya gane.

Amma fa alamar a jikin buhun take tsayawa. Mai kanti zai auna wa mace a leda, ba rubutu ba zane. Ita kuwa ta jiƙa a gida, abin da ya ragu ta ɗura a kwalbar lemo ta ajiye a ƙarƙashin gado. Haka nan masu cajin batir, a jarkar da aka sha ruwa da ita suke zuba nasu.

Wanda ya san Yola a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan wuce awo 40, ya san yaro ba ya tambaya kafin ya kafa kai. Ruwan soda kuwa garau yake, ba wari. Kurɓi ɗaya ya isa ya ƙone maƙogwaro, kuma bayan makonni hanyar abinci ta tsuke, har kunu ya gagara wucewa.

Idan tsautsayi ya faɗa, kada a sa yaro amai, domin gubar za ta sake ƙona inda ta bi. Kada a ɗura masa manja ko tsamiya, ko da kuwa tsofaffi sun nace. A wanke bakin, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu, ko Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Modibbo Adama. In a fata ko ido ne, a tuɓe rigar, a yi ta kwarara ruwa har minti 20.

Wajen haɗawa kuma, soda ake zubawa cikin ruwa sannu-sannu, ba ruwa a kan soda ba, kuma ban da tukunyar alminiyam.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da ikon sa ido kan waɗannan kaya, sai dai a ganina ledar mai kanti ta fi ƙarfin ma'aikatanta. Duk mai aiko wa iyali jarin sabulu daga Kudu, ya haɗa da kuɗin roba mai murfi, safar hannu da jan fenti na yin alama.