Shin Ko Kun San Ruwan Jakara Yana Tona Asirin Ƙwayar Cuta?

Shin ko kun san ruwan kwatar nan da kuke toshe wa hanci in kun biyo ta Jakara, akwai masu zuwa da safe su ɗebe shi a kwalba, su rufe ruf, su lallaɓa shi cikin akwatin ƙanƙara? Ba wasa ba! Tun 2011 ake wannan aiki, kuma duk faɗin Najeriya a Kano aka fara shi. Daga bakin kwata sai ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Ibadan. Me ake nema a ciki? Ƙwayar cutar shan inna.

To me ya kai su kwata? Ku ji dalili. In yara 200 suka kamu da shan inna, kusan ɗaya ne kacal zai shanye. Yawancin sauran suna ta guje-gujensu a lungu garau, amma ƙwayar tana fita ta bayan gida. Ruwa ya kwashe, ya kai Jakara. Tun likita bai ga yaro ko ɗaya ba, kwata ta riga ta kai rahoton unguwa guda!

Ko kun san kowace ƙwayar bairas da rubutu a cikinta take yawo? A ƙwayar shan inna da ta korona, haruffa huɗu ne kawai, A, C, G da U, ana ta jujjuya su. Na shan inna kimanin 7,500. Na korona kusan 30,000. Namu na 'yan Adam fa? Biliyan 3!

Ga inda abin ya fi daɗi. Duk sanda ƙwayar za ta hayayyafa, sai ta kwafi rubutun nan, kuma ba ta da natsuwa. Kamar mai kwafar tsohon kundi ne da alƙalami: ya tsallake wasali ɗaya, wanda ya kwafa daga gare shi ya gaji kuskuren, ya ƙara nasa. In ka jera kwafe-kwafen, sai ka gane wa ya ɗauka daga wa. Haka masana ke fitar da salsalar ƙwayar cuta, uwa da 'ya da jika.

Har agogo gare ta! A jikin ƙwayar shan inna akwai wani yanki mai haruffa kusan 900 da ake karantawa. A shekara, kusan ɗaya cikin ɗari na haruffan nan ke canzawa. Ƙirga bambancin, ka san shekarun da ta yi tana ɓuya. Da wannan aka gano cewa ƙwayar da ta shanye yara a Borno a 2016 jikar wadda aka gani ce tun 2011. Shekara 5 tana zagayawa, ba wanda ya sani!

Tafiya kuwa, ba biza ba fasfo. Bayan dakatar da rigakafi a Kano a 2003, wanda aka dawo da shi a Yulin 2004, ƙwayar arewacin Najeriya ta ɓulla a ƙasashe kusan 20. Ta shiga Sudan, ta kai Yaman. A 2005 sai ga ta a Indonesiya, ƙasar da ta shekara 10 ba ta ga cutar ba, ta shanye yara fiye da 300. Ba wanda ya bi sawunta da ƙafa. Haruffanta aka karanta. Labarin ba daɗin ji a gare mu, amma ƙarshensa ya yi kyau: yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a jihar Kano, a Sumaila ne, Yulin 2014. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Mu juya ga korona. Ranar 11 ga Janairu 2020 aka baza rubutunta a intanet. Kwana biyu kacal, kamfanin Moderna ya gama zana allurarsa a kwamfuta. Kwana biyu, jama'a! Gwaji ne ya cinye sauran watannin.

Shin ko kun san a Najeriya aka fara karanta haruffan korona a duk Afirka? Cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta yi aikin cikin 'yan kwanaki, daga samfurin wani ɗan Italiya da aka samu da cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020.

Kano ta samu mai korona na farko ranar 11 ga Afrilu 2020. Sai kuma aka yi ta wasu mace-mace da masu haƙar kabari suka fara ankarar da jama'a a kai. An riga an binne, ba jini ba majina da za a gwada. Sai masana suka bi gida-gida suna tambayar iyalai: ya yi zazzaɓi? Numfashi ya sarƙe? Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona.

Nau'in korona mai suna Eta kuwa, a Najeriya da Birtaniya aka fara ganinsa, Disambar 2020. Omikron, da masana Botswana da Afirka ta Kudu suka bankaɗo a Nuwambar 2021, ya zo da canji fiye da 30 a ƙayar da yake maƙale wa jiki da ita. Shi ya sa garkuwar jiki ta yi ta kallonsa ba ta gane shi sosai ba.

Amma kada ku raina tunanin jikinku! A Singafo, an sami waɗanda suka warke daga SARS ta 2003 da ƙwayoyin garkuwa masu tuna cutar bayan shekara 17. Wannan ma kaɗan ne. A 2008 an gwada jinin tsofaffin da suka ga murar 1918, aka tarar har lokacin yana gane ƙwayar. Shekara 90!

Don haka in kun ga mutum da safar hannu da takunkumi ya duƙa bakin kwata yana ɗiban ruwa, kada ku ce ya zautu. Ku yi masa sannu da aiki, ku kuma ba wa na kusa da ku labari.