Kasuwar Lemon Tsami ta Duniya: Masu Noma Daban, Masu Cin Riba Daban

A watan Afrilun 2022, ana cikin azumin Ramadan, zafi ya tsananta a Indiya, lemon tsami ya yi tashin gwauron zabo. Kilo ɗaya ya haura rupi 200 a birane da dama, har jaridun ƙasar suka riƙa kawo labarin ɓarayi da ke dirar wa lambuna da rumbuna cikin dare suna kwashe shi buhu-buhu. Shekara biyu bayan haka, a kudu maso gabashin Sifaniya, manoma sun zuba wa lemonsu ido yana faɗowa yana ruɓewa a gindin bishiya, saboda kuɗin da dillali zai biya bai kai ladan masu tsinka ba. Ƙungiyar manoma ta COAG ta ƙiyasta cewa kimanin tan 400,000 ne aka yi asararsu a kakar 2023 zuwa 2024.

Duk lemon tsami ne, amma a wani wuri ana gadinsa da sanda, a wani wurin an rasa mai ɗauka. Dalilin haka yana cikin yadda kasuwar take, kuma wanda ya duba ta da kyau zai ga cewa yawan noma bai isa ya sa ƙasa ta ci riba ba.

Iri uku, kasuwa uku

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana haɗa lemon tsami duka a lissafi ɗaya, kuma abin da duniya ke nomawa a shekara ya haura tan miliyan 20. A wurin 'yan kasuwa kuwa kaya uku ne mabambanta.

Akwai ƙaramin nan da muka sani, mai siririn ɓawo da 'ya'ya da tsami mai kaifi. Shi ake nomawa a Indiya da Masar da Sudan da Afirka ta Yamma da gabar yammacin Meziko. Yana son zafi, amma ba ya jure doguwar tafiya, shi ya sa galibi inda aka noma shi nan ake shanye shi. Akwai kuma kore mai ɗan girma wanda ba shi da 'ya'ya, da ake kira na Farisa ko na Tahiti, wanda Meziko da Brazil suka ƙware a kai. Na uku shi ne babba mai launin ruwan ɗorawa da kaurin ɓawo, wanda ya fi son yanayi irin na gabar Bahar Rum. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ke cika jiragen ruwa.

Indiya ce kan gaba a noma, da tan miliyan uku da rabi ko fiye a shekara, daga jihohi irin su Andhra Pradesh da Gujarat da Maharashtra. Meziko na biye, sai Sin. Amma Indiya da Sin bakunan cikin gida sun ishe su, abin da suke fitarwa kaɗan ne. Idan aka zo fagen fitarwa, sunayen da ake ji su ne Meziko da Sifaniya da Turkiyya da Afirka ta Kudu, kowacce tana tura rabin tan miliyan ko fiye a shekarar da amfani ya yi kyau.

Kowa da lokacinsa

Ba wanda ke sayen lemon tsami ya ajiye na shekara. Mai gidan abinci a Landan ko Riyad yana son ya same shi a kanti kowane mako, ita kuwa bishiya lokacinta take bi. Wannan ne ya raba kasuwar babban lemon gida biyu. Daga wajajen Satumba zuwa bazarar Turai, kasuwa ta Sifaniya ce da Turkiyya. A Sifaniya, yankunan Murcia da Alicante ne cibiya, inda ake fara tsinkar irin da ake kira Fino, sannan irin Verna ya biyo baya ya kai su har watan Yuli. Turkiyya tana noma a Mersin da Adana, manyan masu sayenta kuma Rasha da Iraƙi da ƙasashen gabashin Turai. Da nasu ya fara ja baya, sai na kudancin duniya ya shigo, wato Afirka ta Kudu da Ajantina da Chile, daga wajen Afrilu zuwa Satumba.

Duk wanda ya iya tsawaita lokacinsa da 'yan makonni, shi ke cin kasuwa. Turkawa suna da tsohuwar dabara a kan haka. Ana tsinkar lemo a Mersin lokacin sanyi, a jera shi a akwatuna, manyan motoci su haura da shi tsaunukan Kapadokiya, zuwa garuruwa irin su Ortahisar. A can akwai rumbuna da aka sassaƙa cikin dutse mai laushi, masu sanyi da danshi rani da damina ba tare da na'ura ba. Lemon zai kwanta a ciki wata da watanni, ɓawonsa ya yi laushi, ruwansa ya ƙaru, ma'aikata suna bi suna tsame wanda ya fara lalacewa. Sai zafi ya shigo, kaya sun yanke a kasuwa, sannan a fito da shi da tsada.

Masu tura kaya ta teku kuwa sai sun bi a hankali. Lemon tsami ba ya son sanyi mai yawa, idan aka zarce masa sai ɓawon ya yi tabo. Ana wanke shi, a tace shi gwargwadon girma da launi, a shafa masa kakin da zai hana shi bushewa, a sa a kwantena mai sanyi daidai gwargwado. Koren lemon Brazil da ake saukewa a tashar Rotterdam ta Holan, idan ya fara komawa ruwan ɗorawa a hanya, darajarsa ta faɗi ke nan, ko da ruwan cikinsa ya fi yawa. Mai saye a Turai launi yake fara dubawa.

Meziko: kasuwa a bakin ƙofa, 'yan bindiga a bakin gona

Amurka tana noma babban lemon a Kalifoniya da Arizona, amma koren ta daina. Guguwar Andrew ta ragargaza lambunan kudancin Florida a 1992, cutar bishiya ta ƙarasa sauran, yarjejeniyar ciniki ta NAFTA kuma ta fara aiki a 1994. Tun daga nan Meziko ta gaje kasuwar, mafi yawan koren lemon da Amurkawa ke sha daga can yake zuwa, musamman daga garin Martínez de la Torre a jihar Veracruz. Ba ruwansu da jirgin ruwa, mota ce ke tsallaka iyaka zuwa Texas cikin 'yan kwanaki.

Dogaro da ƙasa ɗaya yana da haɗarinsa. A farkon 2014, ruwan sama mai yawa ya kakkaɓe furanni, cuta ta rage amfani, rashin tsaro ya ƙara dagula al'amari. Kwali mai kilo 18, wanda aka saba saye ƙasa da dala 30, ya haura dala 100 a Amurka. Gidajen abinci suka fara ƙirga yanka, wasu kamfanonin jiragen sama suka daina sa shi a abin sha.

A jihar Michoacán, inda ake noma ƙaramin lemon, matsalar ta wuce ta ruwan sama. Ƙungiyoyin masu safarar ƙwaya masu ɗauke da makamai suna ɗora wa manomi da mai rumbun tattara kaya haraji a kan kowane kilo, har su kan faɗi ranar da za a yi tsinka da ranar da ba za a yi ba. A watan Agustan 2023 da na 2024, harkar ta tsaya cik a yankin Apatzingán saboda wannan zalunci. A Oktoban 2025 aka kashe Bernardo Bravo, shugaban ƙungiyar masu noman lemo na kwarin Apatzingán, wanda ya sha fitowa fili yana kuka da masu karɓar kuɗin. Manomin Zamfara ko Katsina da ya taɓa biyan 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Yau Kolombiya da Peru suna faɗaɗa lambunansu, suna cike giɓin da Meziko ke bari.

Ajantina: inda ɓawo ya zama kuɗi

Lardin Tucumán da ke arewa maso yammacin Ajantina ya bi wata hanya daban. Wurin yana da nisa da teku, yana da nisa da masu saye. Saboda haka kusan kashi uku cikin huɗu na lemonsu ba ya barin ƙasar a matsayin ɗanye, masana'anta yake shiga. Ana kankare ɓawon a tatso mai mai ƙamshi, wanda kamfanonin lemon kwalba da na turare ke saye. Ana matse ruwan a rage masa ruwa ya yi kauri, a zuba a durom. Sauran ɓawon a wanke a busar, a sayar wa masu haɗa sinadarin da ke sa abinci ya yi kauri. Babu abin da ake zubarwa. Da wannan Ajantina ta zama ta ɗaya a duniya wajen sarrafa lemon tsami.

Ƙasashen yankin Gulf ma suna da tasu hanyar ta da. Busasshen lemo, wanda ake shanyawa har ya yi baƙi ya yi sako-sako, kayan miya ne a Oman da Iraƙi da Iran da Saudiyya. Duk alhajin da ya ci shinkafar Larabawa ya ɗanɗana shi. Oman ce ta yi suna da shi, sai wata cuta ta cinye mata bishiyoyi tun daga shekarun 1970, abin da ya buɗe ƙofa ga ƙasashe irin su Somaliya.

Shingen da ya fi haraji tsauri

A wannan kasuwa, jami'in duba lafiyar tsirrai ya fi jami'in kwastan ƙarfi. Amurka ta rufe ƙofa ga lemon Ajantina a 2001, ba a sake ganinsa a can ba sai 2018. Tarayyar Turai ta dakatar da shi daga Agustan 2020 zuwa ƙarshen Afrilun 2021, bayan an yi ta samun cutar baƙin tabo a jikin kayan. Afirka ta Kudu ta daɗe tana takun saƙa da Turai a kan wannan cuta. Ita tana cewa tabon a ɓawo ya tsaya kuma 'ya'yan itace ba sa yaɗa shi, dokar kare manoman Sifaniya ce kawai. Turai tana cewa lambunanta take karewa. A 2024 Afirka ta Kudu ta kai ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya.

Cutar da ta fi tayar wa kowa hankali ita ce wadda masana ke kira HLB. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsotson ganye ne ke yaɗa ta. Ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa, 'ya'ya su karkace su ƙi girma, bishiya ta yi ta ja da baya, kuma har yau ba ta da magani. An gano ta a Brazil a 2004, a Florida a 2005, a Meziko a 2009.

Me ya sa kasuwa ke cika ta batse?

Amsar tana jikin bishiyar. Mai tumatir ya ga tsada bana, ya shuka, ya girbe cikin 'yan watanni. Mai lemo sai ya jira shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara tsinka, sai wajen shekara bakwai ko takwas bishiyar ta kai ƙarfinta. A shekarun 2010 farashi ya yi kyau, sai kowa ya rufta. Lambunan Sifaniya suka haura hekta 50,000, na Afirka ta Kudu suka ninka, Turkiyya da Masar suka ƙara. Annobar korona ta 2020 ta ƙara zuga mutane, don an yi ta rububin lemon tsami har Turkiyya ta taƙaita fitar da shi na wasu watanni. Bishiyoyin nan duka suka balaga kusan lokaci ɗaya, alhali ba wanda zai ninka shan lemon tsami don ya yi araha. Sakamakon shi ne abin da aka gani a Sifaniya a 2024. A Tucumán kuwa an tumɓuke dubban hektoci, wasu aka mayar da su gonakin rake. Da sanyi mai ƙuna ganye ya faɗa wa Turkiyya a 2025, sai farashi ya sake juyawa sama.

Ina muke a ciki?

Najeriya tana noma dangin lemo da yawa, jihar Binuwai ce kan gaba, kuma akwai cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT a Ibadan tun shekarun 1970. Buƙata ma ba ta yanke ba: mai shayi, mai zoɓo, mai kunu da uwar gida duk suna nemansa, balle da azumi. Duk da haka sunanmu ba ya cikin jerin masu fitarwa. Wanda ya leƙa kasuwar 'Yan Lemo a Kano zai ga dalili. Kaya na zuwa a zube cikin mota ko a cushe a buhu, manya da ƙanana, lafiyayye da mai rauni, bayan doguwar tafiya cikin rana. Lokacin kaka a yi ta zubarwa, lokacin zafi a yi ta kukan tsada.

Ba sai mun fara da mafarkin kantunan Turai ba. Abin da ya ɗaga ƙasashen da muka ambata a bayyane yake: dashe mai lafiya daga inda aka amince, tace kaya tun daga gona, akwati maimakon buhu, wurin ajiya, da hanyar sarrafa rarar da kasuwa ba ta ɗauka ba. Shanya lemo ba ya buƙatar komai sai rana da tsafta, kuma masu sayensa suna nan a ƙasashen Larabawa. Ya kamata gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan marmari su fara daga nan. Shi kuma manomin da tsadar bana ta ba shi sha'awar dasa lambu, ya fara tambayar kansa wa zai sayar wa nan da shekara biyar, kuma me zai yi da kayan idan kasuwa ta cika.