Mai Son Koyon Python, Ka Duba Inda Kake Ɗaukar Karatu

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na matasa ya taɓa cin karo da tallar nan: ka koyi kodin cikin sati biyu, ka fara karɓar dala kana kwance a ɗakinka, kuɗin rajista kaza, gurbi ya kusa ƙarewa. Cikin masu tallar akwai malamai na gaske da ke koyarwa tsakani da Allah, kuma sun cancanci a biya su. Amma da yawa abin da za su turo maka bayan kuɗinka ya shiga shi ne tarin bidiyon da suka kwaso daga YouTube, ko darasin wani da suka sato suka zuba a Telegram. Ranar da ka maƙale ka yi tambaya kuwa, shiru kake ji kamar an shuka dusa.

Abin takaicin, mafi ingancin kayan koyon Python kyauta ne. Shi kansa yaren, tun da Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar da shi a 1991, ba sayar da shi ake yi ba. A python.org ake saukar da shi, kuma a can akwai darasin da masu kula da shi suka rubuta, sai dai ya fi dacewa da wanda ya taɓa wani yaren kwamfuta. Wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, gara ya fara da Python for Everybody na Charles Severance, malami a Jami'ar Michigan ta Amurka. Littafin da bidiyon duk suna py4e.com, ba ko kwabo. Mai son a matsa masa ya nemi CS50P na Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke koyarwa, domin kowane darasi yana zuwa da aikin gida, kuma akwai manhajar da ke duba maka ko ka yi daidai. Ma'aikacin ofis da ya gaji da kwafe lambobi a Excel da hannu, littafin Al Sweigart mai suna Automate the Boring Stuff with Python ne nasa, shi ma ana karanta shi kyauta a intanet. Dukkansu da Turanci suke. Idan maganar malamin ta yi maka sauri, ka rage gudun bidiyon, ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasa. Idan data ce matsalar, littafi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ka zaɓi ɗaya ka kai shi ƙarshe. Masu fara darasi biyar a wata guda su ne waɗanda shekara za ta zagayo su tarar suna babi na uku.

Tarkon da ya fi kama sabon shiga ba tare da ya sani ba shi ne tsohon littafi. Python iri biyu ne ya daɗe yana yawo. An fitar da Python 3 a 2008, an kuma daina kula da Python 2 gaba ɗaya tun 1 ga Janairun 2020, amma littattafansa da bidiyonsa na nan birjik, ana ta tura su daga waya zuwa waya. Gane su ba wuya. Ka buɗe shafukan farko ka nemi inda aka umarci kwamfuta ta rubuta wani abu. Idan ka ga print "Sannu" haka tsirara, na da ne. A Python 3 sai an rubuta print("Sannu"), in ba haka ba kwamfutar ta watso maka SyntaxError. Idan ka ga raw_input, shi ma na da ne. Akwai ma wanda ya fi wannan sharri, domin ba ya nuna kuskure ko kaɗan: a Python 2, raba 5 gida 2 yana ba da 2, a Python 3 kuwa 2.5 ne. Yaro zai bi littafi harafi da harafi, amsarsa ta saɓa da ta littafin, ya yanke cewa kansa ne ba ya ja, ya haƙura. Alhali littafin ne ya tsufa.

ChatGPT da ire-irensa suna da amfani wajen fayyace saƙon kuskuren da ka kasa ganewa. Amma idan su ne za su yi maka aikin gidan, su suka yi karatun. Kuma sukan ƙirƙiro sunan ƙunshin manhajar da babu shi. Kafin ka shigar da wani abu ta pip, wato manhajar da ke girka ƙunshin Python, ka duba sunan a pypi.org, ka tabbatar da kowane harafi, domin ɓata-gari sun sha ɗora ƙunshi mai cutarwa da sunan da ya yi kama da na asali, suna jiran wanda zai yi tuntuɓen yatsa. Haka littafin sata da ke zuwa a fayil mai ƙarewa da .exe ko .apk: littafi ba ya buƙatar a girka shi, kada ka buɗe.

Rashin kwamfuta ba ya hana farawa. Manhajar Pydroid 3 tana gudanar da Python a wayar Android, ta ishe ka makonnin farko, ko da yake buga dogon aiki da babban yatsa akwai gajiya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne koyo ta kallo kawai. Kowane misali ka gani, ka buga shi da hannunka, ka canza lamba ɗaya ka ga me zai faru.

Idan har za ka biya malami, kuɗinka na gyaran aiki ne da amsa tambaya, tunda bayanin kansa yana nan kyauta. Ka nemi ganin tsarin darasin a rubuce, da wani aiki da malamin ya gina da kansa, ka tambayi wanda ya taɓa karatu a hannunsa, ka kuma ji ranar da ake duba aikin ɗalibai. Wanda ya yi maka alƙawarin aikin dala kafin ya san ko ka iya kunna kwamfuta, ka riƙe kuɗinka. Shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Najeriya ta ƙaddamar a 2023 kyauta ake neman shiga, ta shafinsa na hukuma, don haka duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya saka sunanka, ɗan damfara ne.